Shin da gaske Jafan ta ci gaba ba tare da ta taɓa al'adunta ba?

Malam Sani, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya a ajin tarihi wani ɗalibina ya maimaita maganar da duk muka saba ji a bakin masu lacca, cewa Jafan ta kai inda ta kai ne domin ta ɗauki ilimin Turawa ba tare da ta bar ko ɗaya daga cikin al'adunta ba. Na yi masa alkawarin amsa mako mai zuwa, kuma ina son jin ra'ayinku tukuna, domin ni kaina ban gamsu da maganar ba.

Ga yadda abin ya faro. Daga 1603 gidan Tokugawa ne ke riƙe da ƙasar, shugabansu da ake kira shogun yana zaune a Edo, wato Tokyo ta yau, shi kuwa Sarki yana Kyoto ana girmama shi amma ba ya yanke komai. Tun shekarun 1630 suka taƙaita hulɗa da Turawa, suka bar wa mutanen Holan kaɗai izinin ciniki a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. A 1853 Matthew Perry ya iso bakin tekun Edo da jiragen yaƙin Amurka huɗu, a 1854 aka buɗe masa tashoshi biyu, sannan a 1858 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta hana Jafan yi wa baƙi shari'a a kotunanta, ta kuma hana ta yanka kuɗin fito yadda take so. Wannan wulaƙanci ne ya tunzura matasan samurai, wato baraden ƙasar, na yankunan Satsuma da Choshu, suka kifar da shogun a 1868, suka yi mulki da sunan Sarki Meiji wanda a lokacin shekarunsa 15 ne. Tambayata ita ce, a cikin abin da mutanen nan suka yi daga 1868, me aka riƙe, me aka rushe?

Hajiya Binta, Kano:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin yaron nan bai yi kuskure ba. Har yau Jafanawa da harshensu suke koyon likitanci da injiniyanci, da rubutunsu suke buga jarida, gidan sarautarsu yana nan, kuma shekarun mulkin Sarki ma ana lissafa kwanan wata da su a takardun hukuma. Su da kansu suna da kirari tun zamanin Meiji, wakon yosai, ma'ana zuciya ta Jafan, fasaha ta Yamma. Abin da ya fi burge ni shi ne wahalar da malamansu suka sha wajen ƙirƙiro kalmomin falsafa da kimiyya da tattalin arziki a harshensu, har ta kai ga mutanen Sin, waɗanda asali daga gare su aka ari rubutun, suka dawo suna aron waɗannan sababbin kalmomi. Idan wannan ba riƙe al'ada ba ne, to mene ne?

Dakta Rabi, Sakkwato:

Kafin a amsa wa Hajiya, ina so mu gyara wani zato, wato cewa Perry ya tarar da mutane cikin duhun kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaman lafiyar fiye da shekara 250 a ƙarƙashin Tokugawa ya haifar da birane da kasuwanni masu ƙarfi. Edo ta kai kimanin mutum miliyan ɗaya tun ƙarni na 18, Osaka tana da kasuwar shinkafa inda ake cinikin amfanin da ba a girbe ba tukuna, gidan Mitsui kuwa tun ƙarni na 17 yake sayar da tufafi yana kuma canjin kuɗi. Akwai dubban ƙananan makarantu da ake kira terakoya, inda 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa ke koyon karatu da rubutu da lissafi, kuma ta ƙofar Dejima wasu malamai sun daɗe suna fassara littattafan likitanci daga harshen Holan.

Abu na biyu, sun ga abin da ya sami maƙwabciyarsu. Ingila ta karya ƙasar Sin a Yaƙin Ofiyom tsakanin 1839 da 1842, labari kuma ya iso Edo, suka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Su kansu mutanen Satsuma da Choshu da farko taken korar baƙi suke rerawa, sai da jiragen Ingila suka yi wa Kagoshima ruwan wuta a 1863, aka kuma ragargaza sansanonin Choshu a Shimonoseki a 1864, sannan suka gane cewa takobi ba zai yi ba. Satsuma ta tura ɗalibai Ingila a ɓoye a 1865, wato wurin mutanen da suka ƙona mata gari shekara biyu da suka wuce.

Malam Sani, Zariya:

Na gode, Dakta. Hajiya, batun harshe na yarda da ke ɗari bisa ɗari, amma bari in lissafa abin da aka rushe, ki gaya mini ko al'ada ce ko ba al'ada ba ce. A 1871 aka soke yankunan sarakuna wajen 260 da wasiƙa guda, aka umarci masu su da su koma Tokyo da zama, aka maye gurbinsu da gwamnonin da gwamnati ke naɗawa. Samurai, waɗanda su ne baraden ƙasar na gado kuma kimanin kashi 6 cikin ɗari na jama'a, an ƙwace musu aikin yaƙi a 1873 da aka kafa aikin soja na tilas ga kowane namiji, a 1876 aka hana su rataya takobi, aka kuma mayar da albashinsu na gado takardun bashi na gwamnati. Da wasunsu suka yi tawaye a 1877 ƙarƙashin Saigo Takamori, wanda yana cikin manyan da suka kafa gwamnatin, sojojin da aka ɗebo daga 'ya'yan manoma ne suka murƙushe su. Abin lura a nan shi ne masu rusa gatan samurai su ma samurai ne, wato gidansu suka fara sa wa gatari.

Ba a tsaya nan ba. Sarki ya aske tukkun gargajiya, ya sa kayan soja irin na Turai, ya ci naman sa a 1872 bayan ɗaruruwan shekaru ana ƙyamar cinsa. An raba addinin Shinto da na Buda da ƙarfin hukuma tun 1868, aka farfasa wuraren ibadar Buda masu yawa, aka narkar da ƙararrawarsu. An jefar da lissafin wata aka ɗauki kalandar Turawa, rana ta uku ga watan sha biyu ta wayi gari ita ce 1 ga Janairu 1873, kuma cikin dalilan gaggawar har da cewa shekarar da ke tafe tana da wata goma sha uku a tsohon lissafi, baitulmali kuwa ba ya son biyan albashi sau goma sha uku. Hatta girmama Sarki irin wanda Hajiya ta ambata, sabon gini ne a kan tsohon harsashi, domin talakan ƙauye na zamanin Tokugawa bai san Sarki sosai ba, makaranta da bariki ne suka koya masa.

Injiniya Auwalu, Kaduna:

Malam, ni abin da nake ganin ana tsallakewa shi ne wanda ya biya kuɗin. Ana yawan ambaton tawagar Iwakura, fiye da mutum ɗari da suka bar ƙasar a ƙarshen 1871 suka yi kusan shekara biyu suna zaga Amurka da Turai suna duba masana'antu da kotuna da makarantu, ana ambaton layin dogon Tokyo zuwa Yokohama na 1872, da ƙwararrun baƙi da aka ɗauka haya da albashi mai tsoka aka sallame su da zarar 'yan ƙasa sun koya. Duk gaskiya ne. Amma Jafan ba ta da man fetur, kuma ba ta ci bashin waje mai yawa ba a farkon lamarin, saboda haka manomi ne ya ɗauki kayan. Dokar 1873 ta sa harajin kashi 3 cikin ɗari na ƙimar gona, a biya da tsabar kuɗi ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma wannan haraji ne mafi yawan kuɗin shigar gwamnati a shekarun farko. Manoma sun yi bore, sun ƙona sababbin makarantu domin su ake sa wa kuɗin gina su, har aka rage harajin zuwa kashi 2.5 a 1877. Da ministan kuɗi Matsukata ya tsuke bakin aljihu daga 1881, farashin shinkafa da siliki ya faɗi, manoma masu yawa suka sayar da gonakinsu suka koma haya a kansu.

Kuɗin waje kuwa zaren siliki ne ya kawo shi, kuma 'yan mata ne suka kaɗa shi. Masana'antar gwamnati ta Tomioka da aka buɗe a 1872 da taimakon Bafaranshe an yi ta ne don koyarwa, tana da dama-dama, amma a masana'antu masu zaman kansu 'ya'yan talakawa sukan wuce awa goma sha biyu a tsaye, suna kwana a ɗakunan da ake kullewa, tarin fuka yana cin su. A shekarun 1880 gwamnati ta sayar da ma'adinai da masana'antunta da araha ga gidajen da ke kusa da ita, irin su Mitsui da Mitsubishi, daga nan aka sami manyan gidajen jari da ake kira zaibatsu. Duk mai son a kwaikwayi Jafan ya kamata ya faɗi wanda zai zama manomin da za a tatsa.

Alhaji Mamman, Damagaram:

Ina gaishe da malamai. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna bai yi zurfi ba, amma akwai abin da ya tsaya mini. A 1899 Faransawa suka shiga Damagaram, a 1903 Ingila ta ci Kano da Sakkwato, sai ga shi a 1905 an ce Jafan ta nutsar da jiragen yaƙin Rasha. Me ya hana Turawa su yi mata abin da suka yi wa sauran duniya tun tana da rauni?

Dakta Rabi, Sakkwato:

Ranka ya daɗe Alhaji, dalilan sun haɗu ne. Tsibiri ce mai nisa, idon Turawa ya fi karkata ga kasuwar Sin, Amurka ta shiga yaƙin basasarta daga 1861 zuwa 1865, kuma yaƙin da aka yi wajen kifar da shogun bai daɗe ba balle baƙi su sami ƙofar shiga. Wannan sarari na 'yan shekaru shi suka yi amfani da shi. Kuma a shekarar da ka ambata, 1899, a ita ce Jafan ta karɓo ikon yi wa baƙi shari'a a ƙasarta, bayan ta rubuta kundin tsarin mulki a 1889 bisa salon Jamus ta kuma buɗe majalisa a 1890, ko da yake kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ne kawai ke da ƙuri'a. Ikon kuɗin fito sai 1911 ya dawo hannunta gaba ɗaya.

Sai dai ina roƙon kada mu tsaya a tafi. Taken gwamnatin Meiji shi ne fukoku kyohei, ƙasa mai arziki, soja mai ƙarfi, kuma darasin da suka ɗauko daga Turai ya haɗa da cewa ƙasa mai daraja ita ce mai mallakar wasu. Sun mamaye ƙasar mutanen Ainu a Hokkaido, sun haɗiye masarautar Ryukyu a 1879 suka kira ta Okinawa, sun ci Sin a 1895 suka karɓi Taiwan da diyya mai yawa wadda wani ɓangarenta ya shiga ginin masana'antar ƙarfe ta Yawata, sannan suka haɗiye Koriya a 1910. Kundin 1889 ya sa soja a ƙarƙashin Sarki kai tsaye ba ƙarƙashin majalisa ba, kuma akwai ƙa'idar cewa ministan soja sai hafsa mai ci, saboda haka idan hafsoshi suka janye nasu gwamnati ta faɗi. An ɗan sami sassauci a shekarun 1920, har duk namiji mai shekara 25 ya sami ƙuri'a a 1925, amma da kasuwar siliki ta karye bayan 1929 yunwa ta shiga ƙauyuka, matasan hafsoshi suka ɗora laifin kan 'yan siyasa da zaibatsu. Sojoji suka kama Manchuriya a 1931 ba da izinin gwamnati ba, aka kashe firaminista Inukai a 1932, aka shiga yaƙi gadan-gadan da Sin a 1937 inda aka yi kisan kiyashi da fyaɗe a Nanjing, daga nan sai harin da suka kai wa Amurka a Pearl Harbor a Disamba 1941. Makarantar da ta kai yara fiye da kashi 90 cikin ɗari aji kafin 1910, ita ce kuma ta koya musu cewa mutuwa saboda Sarki ita ce ƙololuwar biyayya.

Kyaftin Garba mai ritaya, Jos:

Dakta, kin taɓo inda ya shafe ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa zuwa ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo baya, suka haɗu suka ci Myohaung a Janairu 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya. Shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung a Legas, da na Chindit a garin su Malam Sani, da Burma Camp a Akra. Baba bai cika son zancen ba, amma yakan ce bai taɓa ganin mutanen da ba sa miƙa wuya irin sojan Jafan ba, ko yunwa ta mayar da mutum ƙashi da fata sai ya yi harbi. Muna yara muna ɗaukar wannan jarumta ce. Da na girma na shiga aikin na karanta yadda hafsoshinsu suka tura su yaƙi a Imphal ta ƙasar Indiya ba isasshen abinci, dubbai suka mutu da yunwa da zazzaɓi a hanyar komawa, sai na fara ganin abin da wani ido. Ranar da na sayi babur Honda na farko na kai masa ya gani, ya daɗe yana shafa tankin bai ce komai ba.

Hajiya Binta, Kano:

Allah ya jiƙan Baba, Kyaftin. Na karɓi gyaran Malam Sani a kan samurai da kalanda, ban san abin ya kai haka ba. Amma ku dubi bayan 1945. An ƙone Tokyo a dare ɗaya cikin Maris aka kashe kimanin mutum dubu ɗari, aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta da Nagasaki ranar 9, Sarki Hirohito ya sanar da saranda a rediyo ranar 15. Mutanen da suka tashi daga wannan toka suka karɓi baƙuncin wasannin Olamfik a 1964, ai dole akwai wani hali a jikinsu da ba Amurka ce ta ba su ba.

Injiniya Auwalu, Kaduna:

Hajiya, akwai hali, ban musa ba, amma halin nan yana nan a 1944 ma, kuma ga inda ya kai su. Abin da ya canja shi ne tsari da yanayi. Mulkin mamaya na Amurka daga 1945 zuwa 1952, wanda Janar MacArthur ya jagoranta har 1951, ya tilasta sayen gonaki daga hannun manyan masu ƙasa aka sayar wa masu noma su, gonakin haya suka sauko daga kusan rabin ƙasar noma zuwa kimanin kashi 10 cikin ɗari. Wannan ne karon farko da jikan manomin da na ambata ya sami kuɗin sayen rediyo da keke, wato aka sami kasuwar cikin gida. Kundin 1947 ya mayar da Sarki alama kawai, sashe na 9 ya haramta yaƙi, Amurka ta ɗauki nauyin tsaro, kuɗin da da za su tafi ga jiragen yaƙi suka tafi ga masana'antu. An tsayar da dala ɗaya a yen 360 daga 1949 har 1971. Sai Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, sojan Amurka ya riƙa sayen kaya a Jafan, kuma odar manyan motoci ta taimaka wajen ceto Toyota wadda a shekarar take dab da durƙushewa.

Abin da bom bai ƙona ba shi ne ilimin da ke kan mutane. Injiniyoyin da suka ƙera jiragen saman yaƙi suna cikin waɗanda suka tsara jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen, wanda ya fara aiki tsakanin Tokyo da Osaka ranar 1 ga Oktoba 1964, har da rancen dala miliyan 80 daga Bankin Duniya. Ma'aikatar ciniki da masana'antu da aka kafa a 1949 ita ce ta riƙa raba kuɗin waje da lasisin fasaha a wancan lokacin, kuma da yawa daga cikin ma'aikatanta sun koyi aikin ne a tsarin tattalin arzikin yaƙi. Kishi Nobusuke, wanda ya yi aiki a Manchuriya ya kuma yi minista a gwamnatin Tojo, firaministan lokacin yaƙi, har aka tsare shi bayan yaƙi, shi ne firaminista a 1957. Ingancin kaya ma da muke yabo koyonsa aka yi, domin a da kayan Jafan sunan araha da saurin lalacewa gare su, sai da suka rungumi darussan Ba'amurke Deming daga 1950. Firaminista Ikeda ya yi alkawarin ninka kuɗin shigar jama'a cikin shekara goma a 1960, aka cika kafin wa'adi, a 1968 suka wuce Jamus ta Yamma a girman tattalin arziki.

Malam Sani, Zariya:

Injiniya, in ƙara maka da cewa wannan zagaye na biyu ma akwai waɗanda suka biya. A Minamata kamfanin Chisso ya riƙa zuba dattin zaiba a teku, aka gano cutar a 1956 a jikin masunta da 'ya'yansu, amma sai 1968 gwamnati ta amince a hukumance cewa daga masana'antar take. Okinawa ta zauna a hannun Amurka har 1972, kuma har yau ita ke ɗauke da mafi yawan filayen sansanonin sojan Amurka da ke ƙasar.

Alhaji Mamman, Damagaram:

To malamai, yanzu fa? Da can duk rediyo da agogo da babur na kirki a kasuwa na Jafan ne, yau kuwa kwantenar da nake saukewa daga Sin take zuwa. Ina suka shiga?

Dakta Rabi, Sakkwato:

Suna nan, Alhaji, sai dai gudun ya ragu. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don sauke darajar dala, darajar yen ta kusan ninkawa cikin shekara biyu, babban banki ya sauke kuɗin ruwa, mutane suka ci bashi suka zuba a filaye da hannun jari. Ma'aunin kasuwar hannun jarin Tokyo ya kai 38,915 a ƙarshen 1989 sannan ya rufto, kuma bai sake taka wannan matsayi ba sai Fabrairu 2024. Bankuna suka shafe fiye da shekara goma suna fama da bashin da ba ya biyuwa, kamfanoni suka kwashe masana'antu zuwa Sin da Tailan da sauransu, saboda haka wani kayan da kake saukewa ma akwai na'ura ko fasahar Jafan a cikinsa. Sin ta wuce ta a girman tattalin arziki a 2010.

Babbar damuwarsu yanzu ita ce mutane. Yawan jama'a ya tsaya a kimanin miliyan 128 wajen 2008 ya fara raguwa, haihuwa ta sauko ƙasa da dubu 800 a 2022, kuma kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65. Matan da suka fara zaɓe a 1946 suka tura 'yan'uwansu 39 majalisa, jikokinsu sun yi karatu sun shiga aiki, amma tsarin ofis na dogon yini da barin renon yara da tsofaffi a wuyan mace bai canja da sauri ba, da yawa suka jinkirta aure ko suka haƙura da shi. A ƙauyuka ana rufe makarantu, gidajen da ba kowa a ciki sun kai kimanin miliyan tara a ƙidayar 2023. Ƙasar da ta daɗe tana ƙin baƙin ma'aikata ta buɗe sabuwar biza a 2019, kuma a yau matasan Biyetnam da Filifin da Indunusiya ne ke kula da tsofaffi a gidajen jinya da yawa, su ne kuma a gonaki da wuraren gini.